Tanti, Za a Buɗe Ƙirjin Ɗan Farina, Ni Kuma Ba Ni da Bakin Magana

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Tanti. Ina da yaro ɗan shekara 15, shi ne na fari. Yana da shekara 3 ya yi wata masassara da ta fi mako biyu ba ta sauka ba. Idanunsa suka yi jawur, leɓɓansa suka tsattsage, ƙuraje suka feso masa. Sau biyu ana ba shi maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce ƙyanda ce. Sai da fatar yatsunsa ta fara saɓulewa muka kai shi Yamai, aka ce ciwon Kawasaki ne, kuma ya taɓa jijiyar zuciya. Aka sa shi kan asfirin, aka ce mu riƙa komowa. Shekara biyu muna zuwa. Daga nan babansa ya tafi bida Abijan, hannu ya yi ƙunci, yaron kuma garas yake, sai na bari. Bana da bazara sau biyu yana dafe ƙirji a filin ƙwallo, zufa na keto masa. Ni da ƙanina muka maida shi Yamai, aka yi masa sikana. Lokotoro ya ce jijiyar hagu ta gaba ta kumbura har milimita 9, bakin kumburin kuma ya tsuke sosai, sai an yi masa aikin da suke kira pontaji, mu fara haɗa takardu. Babansa yana gida yanzu, ya zo noma. Ya ce ba za a tsaga ƙirjin yaron da ke tafiya da ƙafarsa ba. Kakarsa, uwar mijina, wadda a ɗakinta ya tashi, ta ce iska ce ta taɓa shi, ana yi masa rubutu da hayaƙi. Ni kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa. In na matsa za a ce ba ni da kunya. Ba na barci, Tanti. Ni na jawo masa da na daina ba shi magani? Aikin nan dole ne? Ta ina zan fara magana?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya sanyaya miki rai. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin in fara amsa ta. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara, na san irin daren da uwa ke kwana ido biyu tana kasa kunne ga numfashin ɗanta daga wani ɗaki.

Kafin mu je ga maigida da Inna, kakar yaron, akwai abin da ba ya jiran yardar kowa. Daga yau ƙwallo ta tsaya, kokawa ta tsaya, ɗaukar buhu da noma cikin rana sun tsaya, har sai likitan zuciya ya faɗi iyakar abin da zai iya. Maganin da aka rubuta masa a Yamai ya sha kullum a kan lokaci, ko yana jin kansa garas. In ciwon ƙirji ya kama shi yana zaune ko yana kwance, ko ya zo da zufa mai sanyi, amai, sarƙewar numfashi ko suma, kada a jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa babban asibitin Tawa da takardunsa a hannu, a faɗa wa wanda ya karɓe ku tun daga bakin ƙofa cewa yaron yana da kumburin jijiyar zuciya na Kawasaki, a yi masa gwajin zuciya da suke kira ECG. Na ce a faɗa da baki ne saboda ba kowa ke kawo ciwon zuciya a ransa ba in ya ga ɗan shekara 15. Ana iya ɗauka olsa ce, a ba shi maganin ciki a sallame ku. Ki sa a rubuta sunan ciwon da na magungunansa da Faransanci a 'yar takarda, ta zauna a aljihunsa, wata kuma ta je hannun shugaban makarantarsu.

To, mu zo ga tambayar da ke hana ki barci.

Sunan da aka faɗa miki na wani likitan yara ne ɗan ƙasar Japan, Tomisaku Kawasaki. A 1961 ya fara ganin yaro mai irin waɗannan alamu a asibitin da yake aiki a Tokiyo, a 1967 kuma ya wallafa bayanin yara 50. Ya rasu a 2020, har yau kuma masana ba su kama ainihin abin da ke tayar da ciwon ba. Abin da aka tabbatar shi ne ba a ɗaukarsa daga wani yaro, ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma maza sun fi mata kamuwa. Garkuwar jikin yaron ce ke harzuƙa ta auka wa bangon jijiyoyin jininsa, musamman 'yan siraran nan da ke kwance a jikin zuciya ta waje suna shayar da ita kanta. Akwai maganin da ke kashe wannan wuta: wani ruwan garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane masu yawa, a ƙara wa yaro ta jijiya cikin kwana 10 na farko. Cikin yaran da ba su same shi ba, kusan 1 cikin 4 jijiyarsu na kumbura. Cikin waɗanda suka same shi da wuri, abin bai wuce 1 cikin 20 ba. Maganin yana da tsada, kuma a ƙasarmu, inda duk masassarar yaro zazzaɓin cizon sauro ake fara zato, ga ƙyanda mai kama da shi sosai, kwana 10 kan wuce kafin wani ya tuna da wannan suna. Ɓarnar da ke cikin ƙirjin ɗanki a waɗancan makonni aka yi ta, lokacin da kike goye da shi kina yawon neman magani. Ba ke kika yi ta ba.

Kin san tiyon ban-ruwa na masu lambun albasa. In wani wuri ya yi rauni sai ya bunƙuro. Ruwa in ya shiga bunƙuron ba ya wucewa sak, juyi yake yi, laka ta samu wurin kwanciya. Haka jini yake a cikin wannan kumburi da likitoci ke kira anebrisim. Yana rage gudu, jinin da ya rage gudu kuwa daskarewa yake yi, gudan kuma yana iya toshe hanyar farat ɗaya. Wannan shi ne haɗari na farko. Na biyu a sannu yake zuwa. Bangon da ya ji rauni da tabo yake warkewa, tabon kuma ta ciki yake ƙara kauri shekara bayan shekara, galibi a mashigar kumburin da mafitarsa, wani lokaci har ya ƙandare kamar ƙashi. Ƙananan kumburi da dama kan koma daidai cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda ya kai milimita 8 ko ya wuce shi ake kira babba, kuma da wuya ya koma. Na ɗanki 9 ne.

Aikin asfirin hana jini daskarewa. Ba ya hana tabo yin kauri. Ko da yaron bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba tun yana shekara 3, wannan tsukewa tana iya zuwa. Abin da barin magani da barin komawa asibiti suka jawo shi ne ya yi shekara 10 ba garkuwa daga gudan jini, ba kuma mai duba halin da jijiyar take ciki. Ba zan ɓoye miki wannan ba, don na san da na ɓoye ba za ki yarda da sauran maganata ba. Amma Allah ya tsare shi a shekarun nan, ya aiko da gargaɗi sau biyu a filin ƙwallo, kuma ke ce kika ji gargaɗin, kika ɗauke shi tafiyar kilomita fiye da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso har gaban likita. Ki ajiye tuhumar kanki. Ƙarfin da take ci miki kina bukatarsa a watanni masu zuwa.

Maganar maigida ba ta wauta ba ce. Yana ganin yaro na ci, na sha, na dariya, an ce a kwantar da shi a buɗe masa ƙirji. Uban da bai ji tsoro ba a nan, da sauran magana. Abin da ido ba ya nuna masa shi ne zuciyar mai zaune jini kaɗan ya ishe ta, ko ta tsukakkiyar hanya zai wuce. Da zarar an fara gudu sai ta nemi ninkin-ba-ninkin, hanyar ta kasa kawowa, naman zuciya ya shiga ƙishi. Ciwon da ya sa shi dafe ƙirji kukan wannan ƙishi ne. Jikin yara kuma yana da dabarar tsiro da 'yan ƙananan hanyoyi na gefe da ke rufa asiri na wani lokaci, shi ya sa wasu ke kai wa shekara 20 ko 30 ba su san abin da suke ɗauke da shi ba. Jijiyar hagu ta gaba da aka ambata miki ita ke shayar da babban yanki na ɗakin zuciya mai tura jini zuwa dukkan jiki. In ta toshe gaba ɗaya, naman da ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana son a yi aikin ne tun yaron na tafiya da ƙafarsa, saboda a lokacin ne ake da lafiyayyen nama da za a ceta.

Kin tambaya ko dole ne. Girman kumburi shi kaɗai ba ya sa a yi wa mutum aiki. Akwai masu babban kumburi da ke rayuwa kan magani da dubawa kawai. Tsukewa mai tsanani a muhimmiyar jijiya, tare da shaidar cewa naman zuciya ba ya samun abin da ya ishe shi, su ke sa a yi. Har ma akwai illa a yi gaggawa: in tsohuwar hanya tana wuce da jini sosai, sabuwar da aka ɗinka ba ta samun aikin yi, sai ta motse ta bushe. Daga abin da kika rubuto, tsukewa mai yawa a jijiyar hagu ta gaba, ga ciwon ƙirji lokacin gudu har sau biyu, wannan shi ne irin yanayin da likitocin zuciya ke ba da shawarar aiki a kansa, kuma ina tare da likitanku. Duk da haka hakkinku ne ku ji dalili filla-filla daga bakin wanda ya ga hoton. Ku tambaye shi tsukewar ta kai kashi nawa cikin 100, kuma jijiya ɗaya ce ko har da ta dama. Ku tambaya ko an gwada zuciyar lokacin da take aiki da ƙarfi an ga inda jini ke gazawa, da yadda ƙarfin bugunta yake a eko, wato hoton zuciya na na'ura. Ku tambaya ko za a yi koronarografi, wato a zura siririn tiyo ta jijiyar hannu ko ta matsematsi a ɗauki hoton hanyoyin daga ciki. Sannan, wannan kada ku manta da ita, wata nawa za a iya jira ba tare da an yi wasa da rai ba. A Yamai akwai likitocin zuciya a babban asibitin ƙasa da kuma asibitin Referans. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne, likitan kirki ma shi zai ba ku hotunan ya ce ku je.

Maigida zai iya jin labarin cewa yanzu ana buɗe jijiya ba tare da fiɗa ba, a hura 'yar balan-balan a ciki, a saka ɗan raga na ƙarfe ya riƙe hanyar. Gaskiya ne, kuma ga gajeriyar tsukewa guda ɗaya wani lokaci hakan ya isa. Sai dai jijiyar Kawasaki ta bambanta da ta dattijon da kitse ya toshe wa hanya. Nan faɗi, nan tsuku, ragar ba ta samun bangon da za ta manne wa daidai. Ga taurin da kan sa sai an hura da ƙarfi sosai, ƙarfin kuma yana iya haifar da sabon kumburi. Wani lokaci sai an shiga da ɗan injin gurza mai kan lu'ulu'u an kankare taurin tukuna. Kuma an lura waɗanda aka yi wa ta wannan hanya sun fi komawa a sake musu aiki. Ku tambayi likita me ya sa ya zaɓi pontaji ga wannan yaro, zai nuna muku a hoton.

Kalmar pontaji daga sunan gada ta fito a Faransanci, kuma aikin ke nan. Ba a ciro zuciya waje, ba a sauya ta, yawanci ma ba a taɓa kumburin. Kamar kori ne ya cinye hanya, aka buɗe ratse ta gefe motoci na wucewa. Ana sa shi barci mai nauyi, ba ya jin komai. Ana buɗe ƙashin tsakiyar ƙirji, a ɗauko wata jijiya ta jikinsa, a ɗinka bakinta a gaba da wurin da ya tsuke, jini ya riƙa zagayewa ta nan. Galibi ana haɗa shi da wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci don likita ya samu yin ɗinki mai laushi, daga baya zuciyar ta ci gaba da bugawa. Wasu likitocin kuma suna ɗinkin tana bugawa. Aikin na cin sa'o'i kamar 3 zuwa 6. Sai kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, sai kamar mako guda zuwa kwana 10 a asibiti in komai ya tafi daidai. Ƙashin da aka ɗaure da waya yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya kama sosai.

Wace jijiya za a yi gadar da ita? A nan nake so ki buɗe kunne, don wannan tambaya ce da iyaye ba su san ana yi ba, alhali shekarun yaron na gaba suna rataye da ita. Wani likitan fiɗa ɗan Japan, Soichiro Kitamura, yana cikin waɗanda suka fara yi wa yaran Kawasaki wannan aiki a tsakiyar shekarun 1970. Da farko jijiyar ƙafa ake cirowa, kamar yadda ake yi wa manya, sai aka ga tana saurin toshewa a jikin yara. A shekarun 1980 ya koma amfani da wata jijiya da ke kwance a bayan ƙashin ƙirji ta ciki. Ita ba a yanke ta daga tushenta, bakinta kawai ake karkatowa zuwa zuciya, don haka da ranta take, tana girma tare da yaro. A 2009 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar yara da matasa 114 da aka yi wa aikin. Bayan shekara 25, kashi 95 cikin 100 suna raye. Bayan shekara 20, gadar jijiyar ƙirji a buɗe take a kashi 87 cikin 100, ta jijiyar ƙafa kuwa a kashi 44 kacal. Saboda haka duk inda za a yi aikin, ku ji daga bakin likitan fiɗa cewa da jijiyar ƙirji zai yi, in kuma ba da ita ba, me ya hana. Ku kuma tambaye shi ko ya taɓa yi wa mai Kawasaki.

Ba zan ba ki rabin labari ba. A cikin wannan bincike, wajen 4 cikin 10 sun sake haɗuwa da wata matsalar zuciya a tsawon shekarun, da dama an sake buɗe musu hanya ko an sake aiki. Kuma waɗannan yara ne da ake dubawa ba fashi. Aikin kansa yana da haɗarinsa: zubar jini, ƙwayar cuta a rauni, rikicewar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, har da rasa rai, ko da yake ga matashin da zuciyarsa ke da ƙarfi waɗannan ba su da yawa. Abin da za ku ɗora a ɗaya gefen sikeli shi ne haɗarin barinsa da tsukakkiyar hanya da babban kumburi, a garin da ke nesa da inda ake buɗe jijiya cikin gaggawa. Ni da na auna, gefen aiki ya fi mini sauƙi.

Yanzu maganar gida, wadda na ga ta fi ciwon kansa ɗaure miki kai.

Na lura maigida bai je Yamai ba. Duk abin da ya sani ta bakinki da na ƙaninki ya ji, kuma namiji in aka kawo masa hukunci a kan ɗansa daga ɗakin da ba ya ciki, sau da yawa "a'a" ce ke fara fita, ko don ya ji cewa da shi ake yi. Kada ki nemi ya yarda da aiki. Ki nemi abu ɗaya ƙarami: ya raka yaron ganin likita sau ɗaya, ya ga hoton da idonsa, ya yi tambayoyinsa da kansa. Gani ya kori ji. Ki ce masa, "Baban yara, ni mace ce, wataƙila ban fahimci lokotoro daidai ba, kai ne uba, ka je ka ji, abin da ka gani shi za mu bi." Wannan ba yaudara ba ce, hakkinsa kike miƙa masa. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ba gaban Inna ba, don kada ya ji dole ya tsaya kan maganarsa ta farko. Kuma a yi tafiyar nan kafin a gama girbi ya koma Abijan, in ba haka ba maganar za ta koma ta waya, ta yi ta ja. In ya ƙi, ki bi ta wanda yake jin nauyinsa: wansa, amininsa, ko limamin unguwa. Malami na gari zai tuna masa hadisin da ya zo a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya warware tawakkali.

Inna kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Yaron a bayanta ya tashi, na tabbata har yau "maigidana" take kiransa. Tsoro ne ya sa ta kama abin da ta sani. Rubutu da addu'a ki bar ta ta ci gaba, ki ma roƙe ta ta ƙara. Iyakar da za a ja ita ce a kan abin da ke taɓa jini: ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ba shaƙar hayaƙi a rufaffen ɗaki. Mai babban kumburi irin nasa ana haɗa masa asfirin da wani maganin tsinka jini mai ƙarfi, irin su Sintrom ko Coumadine, kuma wanda ke shan su ƙaramin yanka na iya zama babba, wasu itatuwa kuma suna ƙara wa maganin ƙarfi ko su rage. Wannan bayani kada ya fito daga bakinki, don daga suruka zai zama gardama. Ɗanta ya faɗa mata bayan ya dawo daga Yamai, ko wata 'yarta. Sannan ki ba ta aiki. Ki ce, "Inna, ke yake jin maganarki, ki riƙe masa maganin nan, ke za ki riƙa ba shi." Na sha ganin kakar da ta fi kowa ƙin asibiti ta zama ita ke tsare ƙwaya da lokaci kamar salla.

Sai kunyarki. Ni ma ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba, kuma ba na ganin wannan al'ada abin yarwa ce. Amma ki duba abin da ta hana da abin da ba ta hana ba. Ta hana kiran suna, ta hana rungumar ɗa da yabonsa a idon mutane. Iyayenmu da suka koya mana ita su ne ke tashi cikin dare su sayar da akuyarsu a ɓoye in ɗan fari ya kwanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kina iya yin duk abin da na lissafa ba ki ɗaga murya ba, ba ki ambaci sunansa ba. In duk da haka wata ta ce ba ki da kunya, ki haɗiye. Magana ce, za ta wuce.

Kuɗi. Aikin zuciya na miliyoyin sefa ne, ko a gida ko a waje, kuma kyautar magani ta 'yan ƙasa da shekara 5 ta daɗe da wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki fara takardu tun maigida bai gama yanke shawara ba, haɗa takarda ba sa hannu a aiki ba ne. Ki nemi cikakken rahoton likita, faifan sikana, takardar haihuwa, da rubutaccen ƙiyasin kuɗi daga asibitin da zai yi aikin. Likitan ne zai faɗa muku ko za a iya yi a Yamai ko sai an fita. In sai an fita, akwai kwamitin likitoci na ma'aikatar lafiya da ke duba takardun masu neman a kai su waje, kuma ta hannun likita ake shigar da su. Ki je ofishin jin daɗin jama'a na asibitin. Ki tambayi likitan game da ƙungiyoyin da ke taimakon yara masu ciwon zuciya, kamar La Chaîne de l'Espoir da Mécénat Chirurgie Cardiaque, ko yaron ya shiga sharuɗɗansu. Shekarunsa na tafiya, wannan ma dalili ne na hanzari. 'Yan Adar, wato yankinku na Tawa, da ke Abijan ba sa barin nasu a ƙasa in an sanar da su, ga zakka bayan girbi. Abin da nake gargaɗinki a kai shi ne dillalan asibitocin waje da ke yawo da alkawari a WhatsApp. Kada a sayar da gona ko saniya a tura wa wani kuɗi sai likitanku ya ga sunan asibitin da takardarsa.

Bayan aiki kumburin yana nan inda yake, don haka magani da dubawa na tsawon rai ne. Tun yanzu ku gano inda ake gwajin jinin da ake kira INR a Tawa, wanda ke nuna ko maganin tsinka jini ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Yawanci ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Zogale, rama da yakuwa ba a hana shi ba, amma cinsu ya zama daidai wa daida, ba yau tuli gobe babu ba, don ganye na rage ƙarfin maganin. Kada ya sayi maganin ciwon jiki a tebur, musamman ibuprofen da diclofenac. Taba, shisha da tramol haramiyarsa ne har abada, kuma wannan kawunsa ya faɗa masa ido cikin ido, don shekarun zaman fada ya shiga. Azumi cikin zafin Tawa, a tambayi likita kafin watan ya kama. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin nan sun gama karatu, sun yi sana'a, sun yi aure sun haihu.

A duk wasiƙarki kin faɗi ra'ayin babansa, kin faɗi na kakarsa, ba ki faɗi abin da shi yaron ya sani ba. Ɗan shekara 15 ba jariri ba ne. Ya ji ana ƙus-ƙus, an hana shi ƙwallo, ya ga idonki. In ba a faɗa masa gaskiya ba zai ƙirƙiro wadda ta fi ta muni, ko ya saci jiki ya koma fili don ya nuna lafiyarsa lau. A zaunar da shi a yi masa bayanin tiyo da gada kamar yadda na yi miki, a bar shi ya yi wa likita tambayoyinsa, har da na tabon da zai rage a ƙirji da na jarrabawar BEPC. In nauyi ya hana ki, ƙaninki da ya raka ku ya yi, ke kuma ki zauna a ɗakin, ko da kina tsintar shinkafa kanki a ƙasa. Zai san dalilin zamanki.

In kun dawo daga Yamai ki rubuto mini kashi nawa aka ce tsukewar ta kai, wata nawa aka ba ku, da jijiyar da za a yi gadar da ita. Ki gaida Inna.